Ƙibar Jegona Ashe Ruwa Ce

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar ni da numfashin da zan zauna in rubuta wannan, domin akwai lokacin da numfashin ya fi mini komai tsada. Na rubuta ne saboda masu jego da masu yi musu wanka. Wadda ta karanta ta ji kamar da ita nake, to da ita nake.

Sunana Rakiya, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Makarfi. Duk shekara sai na zana zuciyar mutum a allo, jan alli a gefe guda, shuɗi a gefe guda, in gaya wa yara cewa wannan ita ce ma'aikaciyar da ba ta hutun zango, ba ta yajin aiki. Ni ce kuma ake haɗa wa 'yan mata ranar wasanni, saboda a kwaleji na yi gudu har an taɓa ba ni kofin roba. Na faɗi haka ne don a san irin matar da abin ya sama.

Cikin fari ne. Tun yana wata bakwai na sayi majanyi a kasuwa, saƙi mai ratsin baƙi da fari, na cusa shi can ƙasan akwati. A wajenmu mace ba ta nuna ɗokin ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Saboda haka ɗokina ya zauna a ƙasan akwati tare da majanyin. Abin da nake so bai da yawa: ranar yawon arba'in in goya abin da na haifa, in shiga gidajen dangi da ƙafata.

Da haihuwa ta matso aka kai ni gidanmu a Dandamisa, wajen Goggo Lanti, ƙanwar mahaifina. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a unguwar ba a yin maganar wankan jego a tsallake sunanta. Takan ce ba ta taɓa wanke mace ta lalace ba. Na haifi 'ya mace lafiya lau a asibitin gari, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Washegari Goggo ta ɗora tukunya.

Wanda bai san wankan jego ba zai ɗauka wanka ne. Ruwa ake tafasawa har ya yi ta bori, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mace safe da yamma, tana ihu ana ce mata ta yi wa Allah ta yi shiru. In an fito ga kunun kanwa a kwano, mai kauri, kanwar har tana kama harshe. Ga farfesu da yajin jego. A ɗaki kuma Goggo ta sa kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ta rufe taga da tsohon bargo. Duk wannan yaƙi da abokin gaba ɗaya ake yi, wato sanyi. In ya shiga jikin mai jego, in ji Goggo, ba ya fita sai da ita. Na yi mata bayanin cewa a wannan zafin sanyin da zai iya shigowa ɗakin nan sai dai in shi ma magani yake nema. Ta ce, "Malama, a makaranta ke ce Malama. A nan buɗe baki za ki yi ki sha."

Na roƙe ta ta bar ni in gwada goyo bayan suna. Ta ce ba mai jegon da za ta goya a hannunta kafin arba'in, baya bai yi ƙwari ba. Ta kalle ni kuma ta ƙara da cewa 'yar fari ce, in rage rashin kunya. Ita ce ke saɓa yarinyar a baya, tana kiranta ƙawata.

Makonni biyun farko ba ni da abin kuka sai zafi. A na uku na fara cika. Fuska ta yi fam, zobe ya kama yatsa, wuya ya yi layi. Matan da ke zuwa barka suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa suna yaba aikin Goggo. Jego ya karɓe ta, haka suke cewa, kamar ana duba saniyar da aka kiwata da kyau. Goggo tana sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son yabo, tana kuma ƙara kanwa. Maigidana, wanda nake kira Malam, yakan zo ranar Juma'a a kan babur da itacen wanka. Ya leƙo ya ce na yi kyau. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, shi ya sa na yarda da shi.

Ni kaɗai ce ban yi murna ba. Tela ta kawo ɗinkin atamfar da zan sa ranar arba'in, rigar ta tsaya a ƙirji ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai da Goggo ta ja ni ta ja rigar kamar ana fiɗa. Bayan sun fita na tsaya gaban madubi na ga wata mata da ban sani ba. Ko tsallaka tsakar gida na yi sai in tsaya ina haki. A matsayina na malamar kimiyya ban ɓata lokaci ba na gano ciwon: ƙiba da lalaci. Zama wuri ɗaya, ci ba aiki, me ake jira?

Na buɗe waya na sami matan da ke koya wa masu jego yadda za su dawo da jikinsu. Suna tsalle a kan tabarmar roba cikin ɗakuna masu sanyi, suna murmushi kamar biyansu ake yi, wanda kuwa biyansu ake yi. Babu wadda aka fyaɗa wa tafasasshen ruwa da safe a cikinsu. Duk suna cewa a tuntuɓi likita kafin a fara, da sauri suke faɗi, ni ma da sauri na wuce wurin. Na samo tsohuwar igiyar guga. Da hantsi, in Goggo ta goya yarinyar ta tafi kai niƙa ko gaisuwa, sai in zagaya bayan rumbu in yi tsalle.

Ranar farko ban yi wani abin kirki ba na durƙusa, ƙirjina yana bugu kamar ana daka a ciki. Na ce wa kaina, kin gani ko, ga abin da zama ya jawo. Abin da nake gaya wa 'yan mata a fili shi na gaya wa kaina: haki alamar jiki yana koyo ne, gobe a ƙara. Na ƙara.

A mako na huɗu tari ya zo. Ƙafafu suka kumbura har silifa tana barin zanenta a kansu. Kwanciya ta gagara, in na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara, sai dai in jingina da bango in yi gyangyaɗi a zaune. Goggo ta duba ƙafar ta ce abin da take gudu ne ya faru, sanyi ya sami ƙofa, kuma ta san ta inda ya shigo, ta wannan tagar da nake ɗage wa bargo in ta juya baya. Aka ƙara itace, aka ƙara garwashi, kunu ya koma sau uku. Malam ya je wajen mai kemis ya kwatanta masa, aka ba shi maganin tari mai zaƙi. Ni na ce rashin motsa jiki ne, Goggo ta ce sanyi ne, mai kemis ya ce mura ce. Kowannenmu da ya ga maganinsa bai ci ba sai ya ƙara masa ƙarfi. Ba wanda ya yi sakaci a cikinmu. Da an yi sakaci ma, wataƙila da abin bai kai haka ba.

Saura 'yan kwanaki in cika arba'in na zagaya bayan rumbu kamar kullum. Na ɗaga igiya, na yi tsalle, ƙasa ta taso ta same ni. Na tuna ina tari, wani kumfa mai ja-ja yana fita ta bakina, ina jan iska tana ƙin shiga kamar ana zuƙa ta tsumma jiƙaƙƙe. A haka Goggo ta tarar da ni, yarinyar a bayanta, igiyar a hannuna. Ta tsaya ta dubi igiyar, ta dube ni. Ta ce, "Rakiya, me na yi miki da za ki rataye kanki a gidan ubanki?" Ban da numfashin da zan gaya mata gyaran jiki nake yi.

Motar wani maƙwabci mai ɗaukar kayan gwari aka samu. A asibitin gari aka ce a yanki kati, layin katin ya kai bakin ƙofa. Allah ya saka wa wata nas da alheri, ita ta hango ni a kan benci ta ture layin ta ce wannan ba ta kati ba ce. Suka sa mini abin iska a hanci, tukunyar iskar ta yi ɗan huci ta mutu, aka ce wadda ke cike tana wajen wani. Aka yi mini allura, aka rubuta takarda, aka ce Zariya, yanzu. Hanyar da nake bi ina duba waya ban san na iso ba, ranar sai da na san kowane rami da ke cikinta.

Likitar da ta karɓe ni a babban asibiti siririyar mace ce mai gilashi, ba ta kai ni shekaru ba. Ta danna babban yatsanta a ƙwaurina ta ɗauke. Ramin ya zauna, kamar an danna tuwo mai ɗumi. Ta kira Goggo ta nuna mata.

"Iya, kin ga wannan? Ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Zuciyarta ce ta gaji, ta kasa tura shi, ya taru a ƙafa, yanzu ya hau huhu."

Goggo ta ce ta wanke mata sun fi a ƙirga, ga su nan da jikokinsu. Likitar ba ta yi musu ba. Ta ce gaskiya ne, da yawa suna yi su tashi lafiya, kuma akwai waɗanda wannan ciwo ke kamawa bayan haihuwa ko kusa da tukunya ba su je ba. Amma wadda zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa tana riƙe mata ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciyar aiki. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko ina wani aiki mai nauyi. Na ce ina tsalle da igiya. Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar, ta tambayi sana'ata. Na ce malamar kimiyya. Ta ce to, ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari suka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji suka nuna mini zuciyata a allon na'ura. Ban gane ta ba. Wadda nake zana wa yara mai tsari ce, ɗakuna huɗu, kowa da ƙofarsa. Wannan ta buɗe kamar tsohuwar jaka, tana ɗan motsi irin na ɗalibar da aka tilasta wa shara.

Makon farko a ɗakin jinya allura ce mai sa fitsari, safe da yamma, kamar wankan Goggo. Ƙibar da aka yi ta yi mini barka a kanta ta bi roba ta sauka a jaka ƙarƙashin gado, nas tana zuwa tana aunawa tana zubarwa. Da ta gama fita sai ga ni, ƙashi da idanu, zoben da ya kama yatsa yana zamewa da kansa. Abinci ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa. Ruwan sha ma da awo. Malam ya koma ɗan layi: layin biya, layin magani, layin gwaji, sannan a ce maganin babu, a je waje. Ya sayar da rakensa yana tsaye a gona bai gama nuna ba, masu mazarƙwaila suka saya yadda ake sayen kayan wanda matarsa ke kwance. Bai gaya mini ba, a bakin ƙaninsa na ji.

Ba a shiga da jarirai ɗakinmu. Goggo ta shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, ta zauna nan da yarinyar. Nonona ya ɗauke cikin 'yan kwanaki, aka koma madarar gwangwani. Ranar arba'in ɗina a kan gado ta same ni. Goggo ta zo jikin taga ta juya mini baya don in ga fuskar da ke lafe a kafaɗarta, tana barci, baki buɗe. Majanyin da ta ɗaure ta da shi wani tsohon mayafi ne. Nawa yana Dandamisa a ƙasan akwati.

Gadon da ke kusa da nawa na wata Bafillatana ce daga Kurmin Kogi, Hajjo. Ta haifi na biyar, kuma wannan ne kwanciyarta ta uku da ciwon nan. Ta san sunan kowace nas da halinta, ta san wace ce mai hannun allura. Da ta ji labarin igiyata ta yi dariya har sai da aka ƙara mata iska. Ta ce ita dai nono take kai wa kasuwa a ka, dole ce ta sa ta, amma ba ta taɓa jin wadda ta ƙoshi ta rasa abin yi sai tsalle ba. Daga nan ta sa mini suna Malama Fara, wai mai tsalle kamar fara. Na tambaye ta ba a hana ta sake haihuwa ba? Ta ce an hana, tun a haihuwa ta uku. Ta ce likita a Zariya take, ita kuwa a Kurmin Kogi take kwana. Duk sallamar da aka yi mata, tana isa gida ake ɗora tukunya a ƙarasa wankan da asibiti ya katse, don ba a barin wanka rabi.

Goggo da Hajjo suka ƙulla ƙawance ta taga. Sun yarda da juna a kan cewa asibitin nan da yunwa yake kashe mutane. Wata safiya a mako na biyu Goggo ta shigo lokacin ziyara da fulas a ƙarƙashin mayafi, ta zauna a bakin gadona ta buɗe a hankali. Ƙamshin kunun kanwa ya cika wurin. Ta roƙi wata mai abinci a bakin asibiti ta ara mata murhu ta dama da hannunta.

"Kurɓi kaɗan, 'yar nan. Dubi yadda suka tsotse ki. Na kawo musu mutum sun mai da ke kara."

Ina son in sha, wannan ita ce gaskiya. Ƙamshin gida ne, hannun da ya goye ni ne ke miƙo mini. Hajjo ce ta yi magana daga gadonta, a hankali, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ta ce, "Inna, rufe. Ni na sha nawa da nata." Goggo ta ɓata rai, ta rufe fulas ɗin, amma ba ta zubar ba. Ta ajiye shi a baranda kusa da tabarmarta, ko zan canza ra'ayi.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, ana cikin raba magani, Hajjo ta fara irin tarin da na yi a bayan rumbu. Aka ja labule. Na ji gudu, na ji ana kiran likita, na ji ƙarar tukunyar iska, daga baya na daina jin komai sai takalman nas suna komawa a hankali. Mai jinyarta yarinya ce ƙanwar mijinta, ta ruɗe ta rasa inda za ta kama. Goggo ce ta kwance goyonta ta ba wata, ta shigo ta rufe wa Hajjo ido, ta ɗaure mata haɓa, ta gyara mata zane. Tana gyara ƙafafun na ga ta tsaya. Ta danna yatsa a ƙwaurin, ta ɗauke, ta daɗe tana kallon ramin.

Da la'asar dai na hango ta ta taga tana ɗauraye fulas a bakin famfo.

Na yi kusan wata guda aka sallame ni da leda cike da ƙwayoyi da dokoki. Ban da gishiri, ban da kanwa, ban da wankan zafi. Ban da ɗaukar abu mai nauyi, ko bokiti. Na tambayi likitar goyo fa? Ta ce goyo ma, sai ta ce. Sannan ta sa aka kira Malam, ta gaya mana tare cewa wani cikin zai iya zama ajalina, kada a yi maganarsa sai zuciya ta dawo, in ta dawo. Malam ya daɗe yana kallon hularsa a hannu, ya ce Allah ya raya mana wadda ya ba mu.

Muka koma Makarfi, Goggo ta biyo mu da ƙullin kayanta da akwatina ba tare da an roƙe ta ba. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da sannu da jiki, kowa da magani. Wannan ta ce tafarnuwa da zuma, waccan ta ce akwai wani mai sassaƙe a Nasarawan Doya da ba ya kuskure. Mafi yawansu kuwa magana ɗaya ce: wankan da aka katse ne ya jawo, a ƙarasa shi. Na zaci Goggo za ta ce ai ta faɗa. Sai na ji tana gaya wa wata tsohuwar ƙawarta cewa itace ya yi tsada bana. Ita ce ke dafa mini miya lami, tana ɗanɗanawa tana tsaki, tana cewa ko akuya ba za ta ci wannan ba, tana kuma tsaye a kaina sai na cinye. Ita ke wanke ni da ruwa mai ɗumi-ɗumi, tana gwada shi da gwiwar hannu kamar na jariri. Ban san yadda ake jin haushin mutum da hannun dama ana gode masa da na hagu ba, sai a kan Goggo.

Abin dariyar, motsa jikin da ya kusa kashe ni shi likita ta rubuta mini a zuwa na gaba. Tafiya, a hankali, da sanyin safiya. Ma'auninta shi ne in iya magana ina tafe, da zarar magana ta fara yankewa in zauna. Ni da nake hura wa 'yan mata usur, na koma ina dafa bango daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ina karanta wa kaina sunayen ƙasusuwan jiki da ƙarfi don in ji ko numfashi na nan. Maƙwabta sun ɗauka ciwon ya taɓa kai. Bayan makonni na kai bakin masallacin unguwa. Bayan watanni na kai mangwaron da ke bakin gonakin rake. Akwai ranakun da ƙafa ke sake kumbura, a koma Zariya, a bi layi tun safe, a ƙara ƙwaya, in dawo bango. Na koma makaranta daga baya, ina koyarwa a zaune. An ba wata usur ɗin.

Duk zuwa asibiti tambayata ɗaya ce, amsar ma ɗaya: tukuna. Tsere muke da yarinyar, ni ina ƙara ƙarfi, ita tana ƙara nauyi, kuma ita ce kullum a gaba. Ta yi zama a bayan Goggo, ta yi haƙori a bayan Goggo, in ta yi kuka can take neman hawa. Ni ina zaune a tabarma a ɗora mini ita a cinya kamar baƙuwa, in ta gaji da ni a ɗauke.

Ta shekara da 'yan watanni, ta fara tafiya tana faɗuwa, aka sake nuna mini zuciyata a allo. Ta ɗan tsuke, ta ɗan ƙara himma. Likitar ta ce ta dawo wani abu, ba duka ba, kuma mai yiwuwa iyakarta ke nan. Magani har abada, maganar ciki a rufe ta. Sai ta ɗago ta ce, tun ban tambaya ba, "Ki goya ta. Kaɗan, a cikin gida. In kin ji haki ki sauke."

Muna isa gida na buɗe akwati. Majanyin yana nan da karinsa, yana warin kafur. Na fito tsakar gida na ce wa Goggo ta ɗora mini ita. Ta dube ni kamar za ta yi maganar kunya, ta fasa. Na sunkuya, ta ɗora, na ja zane na ɗaure, na kawo majanyi. Ɗuminta ya sauka a bayana, nauyinta daidai yadda na yi ta zato.

Sai ta sandare. Ta banƙare, ta tsala kuka, tana dukan kafaɗata tana miƙa hannu wajen Goggo. Na jijjiga, na zagaya, na yi 'yar waƙar da nake ji ana yi mata. Kukan ya ƙaru har tana shiɗewa, ni ma numfashina ya fara yankewa.

Goggo ta ce, "Sauke ta, Rakiya. Ba ta san bayanki ba."

Na sauke. Ta ruga da 'yar tafiyarta ta rungume ƙafar Goggo tana neman hawa. Goggo ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a baya. Ta ce yau bayanta ciwo yake, ƙawata ta yi haƙuri. Ban taɓa jin Goggo ta ce wani abu nata yana ciwo ba. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na sake gwadawa washegari, da wata ranar, da wata. Ba ta yarda ba. Ta riga ta gane ƙafa, bayan da ta sani kuma guda ɗaya ne. Na wanke majanyin na mayar ƙasan akwati, babu kuma wanda ke tafe da zan ajiye wa.

Mai jego, in kin ga kina cika ana yi miki barka, danna yatsa a ƙwaurinki. In rami ya zauna, in kwanciya tana shaƙe ki, in tsakar gida ta yi miki nisa, kada ki ƙara kanwa, kada kuma ki ɗauko igiya. Ki tafi asibiti a ranar. Mai wanka, ke ma ki danna mata. Allah ya ji ƙan Hajjo, ya raya abin da ta bari.

Yanzu da safe in na ɗauki mayafi za ni tafiyata, yarinyar takan biyo ni zaure ta kama yatsana. Saurinmu ɗaya. In na tsaya hutu ita ma ta tsuguna tana tsintar duwatsu, ba ta taɓa tambayata me ya sa muka tsaya ba. Jiya ta saki hannuna ta nufi bakin hanya, babur yana tahowa, ni kuwa ba ni da gudu. Na buɗe baki na kira ta, Safiya, da sunanta, da ƙarfi, a gaban Goggo da duk matan da ke bakin famfo. Ta tsaya ta juyo, babur ya wuce.

Goggo ta ce, "Marar kunya." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta buɗe ba.